Ciyawar da Auta Ya Yanke

Ranar da Auta ya shigo shago da sabuwar kyamararsa, sai da ya share teburin da hannun rigarsa kafin ya ajiye kwalin, shi da ko kofin shayinsa sai na yi magana yake ɗaukewa. Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tare muke riƙe da shagon hoton da ke ƙofar gidanmu. Ya haura talatin, har da gemunsa, amma a wurin Inna har yau yaro ne. Wanda ya taɓa shi ya taɓa ta.

"Yaya, zo ki ga abin da ake yayi," ya ce. "Wannan ba ta da madubi."

"To sai me? Za ta share mana shagon ne?"

Bai kula ni ba, ya shiga bayani. Tsohuwar kyamarata tana da ɗan madubi a cikinta, duk lokacin da na danna sai ya ɗaga ya faɗo, ƙwas. Tasa babu wannan madubin, don haka ba ta ƙara ko kaɗan. Ya saita ni da ita, ya ɗauke ni hoto ya fi a ƙirga ina tsaye ina harararsa, ban ji komai ba. Sannan ya miƙo mini na leƙa. Akwai wani ɗan akwati kore da ke yawo a ciki, da ya ga ido sai ya maƙale masa. Na juya ta wajen kazar maƙwabta da ke tsallaka titi, akwatin ya cafke idonta, ya bi ta har ta shige ƙarƙashin mota. Na yaba a raina, ban dai faɗa masa ba, don kan Auta ba ya buƙatar ƙarin kumburi.

Hoton fasfo da na 'yan makaranta shi ke ciyar da mu. Tsuntsaye kuwa nawa ne ni kaɗai, na daɗe ina bin su, ana yi mini dariya a unguwa wai mace da girmanta tana shiga taɓo. A bayan gidan injin ruwa akwai wata fadama da ta rage ba a cike ta an yi gini ba. Muna yara gauraki garke-garke suke sauka a wurin. Yanzu biyu suka rage, mace da namiji. Bara sun yi sheƙa, ruwa ya cinye ta. Bana suka sake yi a tsakiyar dogayen ciyayi, macen ta saka ƙwai biyu. Daga ni sai Baba mai gadin injin ruwa muka sani, shi kuwa Baba magana ma wuya take yi masa. Burina bai wuce ɗaya ba, ƙwan nan su ƙyanƙyashe. In an samu hoto, madalla. In ba a samu ba, na ga 'ya'yan suna bin uwarsu ya ishe ni.

Matsalar ita ce kyamarata. Ko daga nesa na danna, sai macen ta ɗaga kai, wani lokacin har ta miƙe daga kan ƙwan. Dole na daina ɗauka, sai dai in zauna in zuba ido. Shi ya sa da na ga kyamarar da ba ta ƙara, na ce wa Auta ya shirya, gobe zan nuna masa wani abu, amma in ya faɗa wa ko da inuwarsa ce, mun ɓata.

Muka isa da hantsi. Muka gaida Baba a bakin ƙofa, muka naɗe ƙafar wando muka shiga. Ina da 'yar bukka ta kara da tsofaffin buhuna da na kafa nesa da sheƙar, mutum biyu sai sun takure. Ruwa na taɓa idon sawu, sauro na aikinsa, warin laka har cikin maƙogwaro. Auta ya fara ƙunƙuni, na dungure shi, na nuna masa ta wata 'yar kafa.

Tana kwance. Ba a ganin komai sai wuyanta da kanta, da tukkun nan nata ruwan zinariya mai kama da sabuwar tsintsiya. Namijin yana can gefe yana kiwo, yana yi yana ɗaga kai. Auta ya ɗora kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku ya fara ɗauka, tsuntsuwar ko motsi ba ta yi ba. Wallahi na ji daɗi har raina.

Ba a jima ba na ji tsaki.

"Mene ne kuma?" na ce a hankali.

"Duba ki gani. Akwatin ya ƙi zama."

Na leƙa. Iska na kaɗa ciyayin da ke gaban sheƙar. Akwatin zai kama idon, sai ciyawa ta gitta, ya saki idon ya kama ciyawar. Hoton sai ya fito ciyawa raɗau, tsuntsuwa dishi-dishi.

"Ka kashe shi mana, ka saita da hannu. Haka muke yi tun kafin a ƙera wannan."

"Haba Yaya, in sayi mota kuma in riƙa tura ta? Ciyawar nan ce matsalar. Da za a ɗan rage na gaban nan..."

"Maimaita in ji."

"Kaɗan fa. Ba za ta ma sani ba."

Na kama kunnensa, gemu ko ba gemu, na juya kansa wajen wayar lantarkin da ta ratsa gefen fadamar. Hankaki ne jere a kai.

"Ka ga waɗancan? Kullum suna nan, kuma ba shan iska suka zo yi ba. Ciyawar da ka raina ita ce bangonta, ita ce rufinta. Aikin nan ƙa'ida ɗaya gare shi. Ka zo, ka gani, ka tafi. Ba ka taɓawa, ba ka gyarawa, ba ka shiga tsakani. Kuma ƙafarka ba ta wuce bukkar nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Malama. Sakar mini kunne."

Muka ci gaba da zuwa tare. Ya samu hotuna masu kyau, amma shi ba su yi masa ba, wai a kowanne akwai ciyawa. Ni kuwa hankalina na kan macen. Ta fara yawan miƙewa tana sunkuyar da kai wajen ƙwan kamar mai saurare, na san lokaci ya kusa. Har Inna sai da ta gaji da jin zancen, ta ce in an sauka lafiya a faɗa mata ta je barka.

Sai ga aikin wata makaranta, hoton kowane aji da malamansa. Ba yadda zan yi, na rataya tsohuwar kyamarata na tafi, na bar wa Auta shago. Yini na yi ina jera yara, wannan ya rufe ido, wancan ya yi wa na gabansa ƙaho. Da la'asar na dawo, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Abin da na fara gani wandon Auta ne a shanye a kan ƙyauren baya, laka har gwiwa da sama. Shi kuma yana gaban kwamfuta, bakinsa har kunne.

"Yaya! Ajiye jakar nan ki zo ki ga hoton shekara."

Na matsa. Hankaka ne tsaye a bakin sheƙa, fukafukansa a buɗe, kowane gashi ana iya ƙirga shi. Idonsa na ƙyalli. Ƙwai ɗaya a fashe a ƙarƙashin ƙafarsa, abin da ya jawo daga ciki kuma ba gwaiduwa ba ce. Ɗan tsako ne jiƙaƙƙe, ya yi baki, ya yi ƙafafu. Na daɗe ina kallo kafin na gane abin da ya sa hoton ya yi fes haka. Babu ciyawa ko ɗaya tsakanin kyamara da sheƙar, kuma daga kusa aka ɗauke shi.

Na jawo aljihun tebur. Babban almakashin da muke yanka takardar bango yana ciki, bakinsa kore shar, laka ta bushe a hannunsa. Na ɗauko shi, ko wanke shi bai yi ba.

"Auta, me ka yi?"

"Tsaya ki ji. Ba yadda kike zato ba ne."

"Me ka yi, na ce!"

Ya faɗa mini, yana yi yana sosa ƙeya. Ya rufe shago ya tafi. Ya shiga ruwan har sheƙar, tsuntsayen suka tashi. Ya yanke ciyayin gaban, ya kafa kyamarar kusa, ya saita ta ta riƙa ɗauka da kanta duk lokacin da ta ga idon tsuntsu. Ya koma bukka yana kallon abin da take gani ta wayarsa. Lissafinsa, tunda kyamarar ba ta ƙara, macen za ta dawo nan take. Ba ta dawo ba. Ta tsaya can nesa tana zagaye tana kuka, tana kallon baƙon abin da aka dasa mata a ƙofar ɗaki. Hankakin kuwa ba su jira an gayyace su ba.

"Kana kallo?" na ce. "Kana zaune da waya a hannu kana kallo suka sauka?"

"To ya zan yi?"

"Ka fito! Ka yi ihu! Ka jefa takalminka! Ƙafarka ta karye ne?"

Ya gyara zama, ya kalle ni ido cikin ido, ya ce, "Ai ke kika ce ba a shiga tsakani."

Na rantse da a ce almakashin nan ba a hannuna yake ba, da na mare shi. Sai da na ajiye shi a kan tebur a hankali, na ja da baya.

"Yanzu ka tuna da ƙa'ida? Ka shiga gidanta, ka kore ta, ka rushe mata bango, ka buɗe wa ɓarayi ƙofa, sannan ka koma gefe ka naɗe hannu wai kai mai bin ƙa'ida? Amma Auta ba ka da kunya. Wallahi ba ka da kunya!"

"Yaya, ɗabi'arsu ce fa. Hankaka kullum yana cin ƙwai. Ni ban sa shi ba. Kuma kin san mutum nawa ne a duniya suke da irin hoton nan? In na tura shi gasa..."

"Ka tura har da hoton almakashin."

Hayaniyar ta fito da Inna daga cikin gida, mayafinta a hannu. Ta kalle ni, ta kalli ɗan lelenta, ta san gefen da za ta tsaya tun kafin ta ji ba'asi.

"Ke Babba, lafiya? Har titi ana jin ki. Me ya yi miki?"

"Tambaye shi."

Auta ya ce, "Ƙwan tsuntsun nan ne, Inna. Hankaka ya cinye."

"Ayya, Allah sarki. To shi ne za ki cinye ɗan'uwanki? Tsuntsu ne fa. Za ta sake yin wani."

Na ga in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa uwa. Na zari gyalena na fita, na tare mai babur. Duk hanya ina ce wa kaina wataƙila ɗayan ƙwan ya tsira. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na riƙe ta har muka isa.

Baba na zaune a kan bencinsa, injin na ruri a bayansa. Da ya gan ni ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ni.

"'Yata, na gan shi ya shiga. Na ɗauka ke kika aiko shi."

Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi, don ba laifin Baba ba ne. Da ni ya saba ganinsa. Na wuce ban ko naɗe wando ba. A karo na farko na ƙetare bukkata na taka har sheƙar, tunda babu sauran abin da zan tsorata. Ya yi aikinsa tsaf, kamar wanzami. Ciyayin a yanke daidai wa daida, an tara su gefe guda a kan ruwa. Ramuka uku na ƙafar kyamara suna nan a cikin laka. Sheƙar na tsakiya a fili, ko makaho ya laluba ya same ta. Ɓawon ƙwai ne kawai a ciki, ƙudaje sun fara taruwa. Duka biyun.

Na tsaya a cikin ruwan na zazzagi hankakin da ke kan waya, alhali na san ba su ne abin zagi ba. Na kwashi yankakkun ciyayin na fara soka su a laka ina tayar da su, suna faɗuwa, ina sake sokawa. Sai da na ga abin da nake yi ya zama hauka na watsar, na fito.

Baba ya miƙo mini ruwa a buta na wanke ƙafa. Can ya ce, "Ta dawo fa."

"Wa?"

"Macen. Bayan hankakin sun tashi. Daga nan na hango kanta. Shi yana zaune a kan bencin nan, kansa a kan waya, yana ta nuna mini hoto. Ta daɗe a wurin. Sai da ya koma ɗauko injin hotonsa ta ji motsin ruwa ta tashi, namijin ya bi ta. Sun yi sama sosai, 'yata, ba irin tashin da suke yi in za su kiwo ba. Na bi su da ido har na daina ganinsu."

Na koma shago rana ta yi sanyi. Auta na nan inda na bar shi, Inna na kan kujerar masu jiran hoto, ta zauna gadinsa. Ya riga ya ware hotunan hankakan, yana ƙara musu haske. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, rigata na ɗigar da ruwan fadama a kan tayil.

"Buɗe mini memorin kyamarar gaba ɗaya."

"Sauran ba komai a ciki, Yaya. Na kwashe masu kyau."

"Ka duba su?"

"Suna da yawa. Kin san tana ɗauka da sauri."

"Buɗe."

Ya buɗe. Na karɓe linzamin kwamfutar daga hannunsa, na wuce hankakin da sauri, na isa inda ya tsaya. Na danna na gaba.

Ga ta a gefen hoton, rabin jikinta kawai, wuyanta a miƙe. Na danna. Ta ɗaga ƙafa ɗaya. Na danna. Ta ajiye. Kyamarar ba ta bar komai ba, taku ɗaya sai ta raba shi hoto da yawa, kuma a kowanne idon nan nata fari tas yana nan raɗau, babu ciyawar da ta gitta. Abin da ya nema ke nan, ya samu.

Ta iso bakin sheƙar ta tsaya. Ta sunkuyar da kai. Ta sa baki ta taɓa ɓawon, ta juya shi a hankali, yadda na sha ganin tana juya ƙwan don ɗumi ya ratsa ko'ina. Ta juya ɗayan ma. Ta jawo wani guntu da ya faɗa gefe ta mayar da shi tsakiya.

Inna ta taso ta tsaya a bayanmu. Na ji numfashinta a wuyana.

Tsuntsuwar ta gyara tsayuwa, ta naɗe dogayen ƙafafunta, ta kwanta a kan ɓawon. Ta girgiza jiki ta baza gashin cikinta ta rufe shi ruf, ta ɗaga kai tana duba sama ko wani abu zai zo.

"Innalillahi," in ji Inna.

Na ci gaba da dannawa. Tana kwance. Inuwarta ta matsa, tana kwance. Rana ta dake ta, tunda babu sauran abin da zai kare ta, ta buɗe baki tana haki, ba ta tashi ba. Ta miƙe ta sake juya ɓawon, ta koma ta kwanta.

"Yaya, ya isa," Auta ya ce.

"Bai isa ba."

"Don Allah ki kashe."

Ya yunƙura zai tashi. Na ɗauka ni zan riƙe shi, sai na ga hannun Inna a kan kafaɗarsa, ta danna shi ya koma ya zauna. Ba ta kuma ɗauke hannun ba.

"Zauna," na ce. "Kai ka ɗauka, sai ka ga na ƙarshe."

Na duba ƙasan allon, ko rabi ba mu yi ba. Na danna na gaba.